Maigida ya ce mu ba mabarata ba ne, ni kuwa bayana ya gaji

Tambaya

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni matar aure ce a Jidda. Daga Kano aka kawo ni, da iƙama, wato takardar izinin zama ta baƙi, nake zaune, maigidana kuwa haifaffen nan ne, ɗan ƙasa, kuma yaranmu duka suna cikin katin iyalinsa. Ɗanmu na biyu shekararsa tara. Tun haihuwa yake da shanyewar jiki wadda likitoci suka ce daga ƙwaƙwalwa take. Ba ya tafiya, zama sai an tokare shi da filo, magana kaɗan-kaɗan, wani lokaci kuma farfaɗiya takan buge shi. Tun da aka rushe unguwarmu muka koma gidan haya a hawa na uku, babu lif, ni nake goya shi hawa da sauka, bayana ya fara gazawa. Maƙwabciyata ta ce gwamnati tana ba irinsa tallafi duk wata, ta intanet ake nema. Da na gaya wa maigida sai ya ce mu ba mabarata ba ne, in dai yana numfashi ba za a rubuta sunan ɗansa cikin masu karɓar taimako ba. Hajiyarsa kuma ta ce iska ce, mu rufa wa kanmu asiri. Akwai wani mu'aƙƙib, irin masu bi wa mutane takardu a ofisoshin gwamnati, da ya ce in ba shi kuɗi, in kuma karanta masa lambar da za ta shigo wayar maigida, zai gama komai cikin mako guda ba wanda zai sani. Larabcina na baki ne, karatu da ƙyar. In yi a ɓoye? In kuma za a yi, me zan tanada?

Uwa mai neman mafita, Jidda

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Sannu da ɗawainiya. Allah ya saka miki, ya ba yaron nan lafiya.

Zan fara da mu'aƙƙibin, domin shi ne abin da zai iya jawo miki ɓarna tun kafin gobe. Ki rabu da shi yau ɗin nan. Kada ki ba shi ko riyal ɗaya, kada ki karanta masa wata lamba, kada ki tura masa hoton katin iyali. Lambar da yake nema, ko ta saƙon Absher ce, wato manhajar hidimomin gwamnati, ko lambar nan mai alƙaluma biyu da ke fitowa a manhajar Nafath, ba ta neman tallafi kaɗai ba ce. Da ita ake tabbatar wa hukumomi da bankuna da kamfanonin waya cewa mai sunan ne da kansa yake magana. Miƙa ta ga wani daidai yake da mutum ya sa hannu a farar takarda ya ba baƙo ya ce rubuta abin da kake so. Da ita ana iya fitar da layin waya da sunan maigidanki, ana iya ciyo bashi, ana iya buɗe rajistar kasuwanci, shi yana barci bai sani ba, sai ranar da aka zo neman biya. Ki tsaya ki yi tunanin ranar da zai gano cewa ta hannunki aka shiga. Wannan kaɗai ya isa ya rusa abin da kuka gina shekara da shekaru.

Kuma abin da mutumin yake sayar miki kyauta ne. Ma'aikatar da ke kula da wannan harka, wato ma'aikatar ƙwadago da walwalar jama'a da ake kira Mawarid Bashariyya, ba ta karɓar kuɗi don a buɗe fayil ko a auna naƙasa. Alƙawarin mako guda ma ƙarya ce tsagwaronta, domin ba shi ne zai rubuta rahoton likita ba, ba shi ne kuma zai zauna a kwamitin da ke dubawa ba. Idan nan gaba wani ya kira ku ya ce daga ma'aikata ko banki yake, ya ce ku amince da wata buƙata a Nafath, ku kashe wayar. Saƙon damfara kuwa ana tura shi zuwa 330330. Lambar ma'aikatar ta gaskiya ita ce 19911, ki rubuta ta a bangon kicin.

Yanzu maigida. Ina so ki saurare ni da kyau a nan, domin ina ganin rabin aikin a wajensa yake, sauran rabin a asibiti, wayar kuwa ita ce ta ƙarshe kuma ita ce mafi sauƙi.

Maganar da ya faɗa ba daga sama ta faɗo ba. Duk Bahaushen da ya tashi a Makka ko Jidda ko Madina ya san irin kallon da wasu ke yi mana, ya san yadda ake jingina mana bara ko da kakanninmu sun yi shekara ɗari a ƙasar nan suna cin guminsu. Ya ga yadda wasu marasa tsoron Allah ke ajiye yara masu naƙasa a bakin hanya lokacin azumi da aikin hajji, kuma ya san cewa idan aka yi maganar, da fatarsa ake haɗawa. Namijin da ya girma yana kare sunan gidansu daga wannan tabo, idan ya ji an ce a rubuta ɗansa a jerin masu karɓa, abin da ke zuwa masa a rai shi ne wannan hoton. Ga kuma ciwo na biyu da ba zai furta ba: gidan da yake ciki an rushe, haya ta hau kansa, yana ganin matarsa tana hawa bene da yaro ɗan shekara tara a baya. Idan kika ce masa a nemi tallafi, abin da kunnensa ke ji shi ne ka gaza. Saboda haka kada ki ɗauke shi a matsayin mai taurin kai kawai. Mutum ne da ke kare abu ɗaya da yake ganin ya rage masa.

Amma fahimtarsa ba ta nufin ya yi daidai. Bai yi daidai ba, kuma wanda ke biyan kuɗin wannan kunya yaro ne da ba shi da bakin da zai yi gardama. Bara daban, wannan daban. Bara laifi ce a ƙasar nan, dokar hana ta da aka fitar a 2021 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa wata shida da tarar da za ta iya kaiwa riyal 50,000. Tallafin masu naƙasa kuwa doka ce ta kafa shi. Tun 2000 akwai dokar kula da su, a 2018 aka kafa musu hukuma ta musamman, a 2023 kuma aka fitar da sabuwar dokar haƙƙoƙinsu wadda ta maye gurbin tsohuwar. Ɗanku ɗan ƙasa ne kamar kowane yaro a Riyad ko Dammam, kuma wannan rabonsa ne a dukiyar ƙasarsa, kamar yadda kujerar makaranta da gadon asibiti suke rabonsa. Maigida bai taɓa cewa kai yara makarantar gwamnati bara ce ba.

Abin ma ba sabo ba ne a tarihin Musulmi. Malaman tarihi sun rubuta cewa halifa Walid ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715, ya yanka wa kutare abin da za su ci daga baitulmali, ya hana su roƙon mutane, ya ba kowane gurgu mai yi masa hidima, kowane makaho kuma ɗan jagora. Ki lura da dalilin: an ba su ne don kada su yi bara. Wato abin da maigidanki yake gudu shi ne ainihin abin da aka kafa tsarin don a hana.

Ga yadda nake so ki tunkare shi. Kada ki yi maganar a gaban Hajiya, domin a gabanta ba zai iya janye abin da ya riga ya faɗa ba. Kada ki yi ta lokacin da ya shigo da gajiya ko ranar biyan haya. Kuma kada ki fara da kuɗi, tunda a nan ciwon yake. Ki fara da abin da ba zai iya musantawa ba: yaro yana ƙara nauyi, yana buƙatar keke daidai jikinsa, yana buƙatar gashi da motsa gaɓoɓi a kai a kai kafin jijiyoyinsa su ƙara ɗaurewa, yana buƙatar wurin da zai riƙa zuwa da rana ya ga yara ya koyi wani abu. Duk waɗannan ta ƙofa ɗaya ake shiga, wato a auna naƙasar a rubuta ta a hukumance. Ki ce masa, Baban yara, ni ba kuɗi na sa a gaba ba, so nake a buɗe masa fayil don ya samu keke da makaranta, sauran kuma kai za ka yanke. Idan ya ga da idonsa yadda ake yi, ya ga 'yan ƙasa iri-iri a layi ɗaya da shi, da masu manyan motoci da masu ƙanana, maganar kuɗin za ta zo da sauƙi. Idan kuma ya ƙi sauraron ki, ki nemo namijin da yake jin kunyarsa, ƙanin mahaifinsa ko limamin da ya san gidanku, ki yi masa bayani a natse, ya kira shi su biyu. Magana ɗaya daga irin wannan bakin takan yi abin da kukan mace na wata guda bai yi ba.

A ɓoye kuwa, a'a. Ko da na ajiye maganar amana tsakanin miji da mata, abin ba zai ɓoyu ba. Shi ne waliyyin yaron, yaron yana ƙarƙashinsa a Absher, za a buƙaci asusun banki, saƙonni za su riƙa shigowa, ana iya kiran ku ku kawo yaron. Duk ranar da ya gano, maganar za ta tashi daga haƙƙin ɗansa ta koma abin da matarsa ta yi masa, kuma a wannan shari'ar ke ce za ki faɗi ko da gaskiyarki. Abin da za ki iya yi ba tare da jiran kowa ba shi ne kai ɗanki asibiti, wannan ba ɓoye-ɓoye ba ne, aikin uwa ne. Ki gaya masa za ki kai shi, ki kai shi.

To asibitin. A nan nake so ki zuba ƙarfinki, domin mutanen da za su yanke hukunci a kan fayil ɗin ba su san ɗanki ba, ba su taɓa ganin kina ba shi abinci cokali-cokali ba. Abin da ke gabansu takarda ce. Idan takardar ta faɗi kaɗan, kaɗan za su gani.

Ki fara da ƙaramin asibitin unguwarku, wanda ake kama rana a cikinsa ta manhajar Sehhaty, ko ki kira 937 su taimake ki. Tunda kun sauya unguwa, ki tabbatar an mayar da fayil ɗinku asibitin da ke kusa da sabon gidan. Daga can za a tura ku wajen likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi na yara. Ki gaya wa likitan kai tsaye cewa kina son taƙarir, wato rahoton likita, domin taƙyimul i'aƙa, wato auna naƙasa, a ma'aikata. Sun saba da wannan buƙata. Rahoton ya zama daga asibitin da hukuma ta amince da shi, da sunan yaron cikakke, da lambarsa ta ɗan ƙasa, da sunan cutar, da sa hannun likita da hatimin asibiti da kwanan wata. Kada ya wuce shekara guda da rubutawa lokacin da za ku ɗora shi, saboda haka tsofaffin takardun da ke cikin jakarki tun yana jariri ba za su wadatar ba, ko da yake ki tafi da su don likita ya ga tarihin.

Yanzu ga inda mutanenmu suka fi cutar da kansu. An rene mu a kan cewa idan aka tambayi mai jiki a ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Tarbiyya ce mai kyau a zaure da wajen dubiya. A gaban likita kuwa tana rage wa yaro haƙƙinsa. Likita zai ce yana cin abinci? Uwa ta ce yana ci, alhamdu lillahi. Likita ya rubuta yana ci. Alhali gaskiyar ita ce sai an niƙa abincin, sai an tallafe kansa, kowane ci yana ɗaukar kusan awa guda, kuma yakan ƙware. Likita ya ce yana magana? Uwa ta ce yana yi, saboda ita tana gane abin da yake nufi, alhali baƙo ba zai fahimci ko kalma ɗaya ba. Ki gode wa Allah a zuciyarki da bakinki, sannan ki faɗi abin da ke akwai dalla-dalla. Faɗin halin da yaro yake ciki ga likita ba raki ba ne, ba kuma ƙin ƙaddara ba ne. Annabi Ya'aƙub ya yi kuka har idanunsa suka yi fari, kuma Allah bai cire shi daga masu kyakkyawan haƙuri ba.

Haka kuma kada ki ƙara ko da ƙwayar zarra. Wasu za su ba ki shawara ki ce ba ya gani ko ba ya ji don a ɗaga masa mataki. Haramun ne, kuma likitoci suna da gwajin da zai tona, daga nan sai a daina yarda da sauran maganarki ta gaskiya.

Abin da zai taimake ki shi ne ƙaramin littafi. Daga yau har ranar ganin likita, ki riƙa rubuta abin da ya faru kullum, da Hausa ma ya isa, boko ko ajami, wanda hannunki ya fi sabawa. Sau nawa farfaɗiya ta zo, da wane lokaci, minti nawa ta ɗauka, yaya ya kasance bayanta. Famfas nawa ake sauyawa a rana. Sau nawa kike tashi da dare don juya shi. Me yake iya riƙewa da hannunsa, me ba ya iyawa. Idan farfaɗiyar ta zo kuma akwai wani a kusa, ya ɗauki ɗan gajeren bidiyo yayin da ke kike kula da shi, domin likita yakan gane nau'inta daga gani fiye da daga bayani. Ki tafi da kwalayen magungunansa duka. Ki kuma roƙi likita ya rubuta abin da yaron ba ya iya yi wa kansa, ba sunan cutar kaɗai ba, domin yara biyu suna iya ɗaukar suna ɗaya, ɗaya yana tafiya da sanda, ɗaya ko juyawa a gado ba ya yi. Idan akwai alamar fahimtarsa ta yi baya, ki nemi a yi masa gwajin basira wajen likitan halayya. Ki nemi a duba jinsa da ganinsa, don irin wannan lalura takan zo tare da su, kuma sau da yawa ba a lura saboda hankali ya tafi kan ƙafafu. Farfaɗiyar ma a rubuta ta a fili.

Tunda karatun Larabci yana ba ki wuya, kada ki baro asibiti sai wani ya karanta miki rahoton kin ji abin da ke ciki. Manyan asibitocin gwamnati suna da jami'ar walwala, wadda ake kira akhissa'iya ijtima'iyya. Ki tambayi ofishinta, ki gaya mata halin da kike ciki har da maganar bene. Aikinta ke nan, kuma ta san hanyoyin da ba kowa ya sani ba.

Sauran shirin ƙanana ne, amma su ne ke mayar da fayil baya. Sunan yaron ya zama iri ɗaya harafi da harafi a katin iyali da rahoton likita da banki, domin sunayenmu na Hausa kowane magatakarda da yadda yake rubuta su da Larabci. Lambar ɗan ƙasa alƙaluma goma ce da ke farawa da 1, ta iƙama kuwa da 2 take farawa, kada a sa taki a gurbin tasa. Ranar haihuwa a duba ko ta Hijira ake tambaya ko ta Miladiyya. A buɗe wa yaron asusun banki da sunansa ta hannun mahaifinsa, a karɓo takardar IBAN daga bankin, wadda ke farawa da SA, baƙaƙe da alƙaluma 24 gaba ɗaya, a kwafa daga takardar, ba daga ka ba. Layin wayar da za a sa ya zama naku na dindindin. Sai adireshi, wanda ya shafe ku kai tsaye. Rushe-rushen da aka yi a Jidda daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, a unguwanni irin su Gulail da Karantina da Sabil da Kandara, ya watsa dubban gidaje, kuma da yawa har yau adireshinsu na ƙasa, unwanul watani, yana nuna gidan da babu shi. A sabunta shi a shafin gidan waya na SPL kafin a fara komai.

Ranar da za ku nema, ku zauna ku biyu, da wani amintacce mai karatu idan ana buƙata, ɗanku na fari ko ƙanwar maigida, wayar kuma tana hannunku. Ku shiga shafin ma'aikatar ta hanyar rubuta adireshinsa da kanku ko ta manhajarta, ba ta wata mahaɗa da aka turo a WhatsApp ba. Mataki biyu ne kuma ba a tsallake na farko: a fara neman auna naƙasa, a ɗora rahoton, hoton ya fito sarai da kusurwoyinsa huɗu da hatiminsa, kowane shafi. Ku adana lambar buƙatar. Ana iya ba ku rana ku kai yaron a gan shi. Sai sakamako ya fito sannan a nemi tallafin kuɗi, wanda mutane suka fi sani da ta'ahil shamil. Ku karanta sharuɗɗan da ke shafin a ranar, don hukuma takan sabunta su. Manyan cikinsu su ne mai naƙasar ya zama ɗan ƙasa mazaunin ƙasar, naƙasar ta same shi kafin ya wuce shekara 45, kuɗin shigarsa shi kansa kada ya haura riyal 4,000 a wata, kuma kada ya kasance yana zaune a gidan kulawa da gwamnati ke ɗaukar nauyinsa. Ɗanki bai saɓa wa ko ɗaya ba. Adadin ya danganta da matakin da aka sa shi, daga riyal 4,000 zuwa 20,000 a shekara, ana biya wata-wata. Ba dukiya ba ce, ki sa wannan a ranki tun yanzu, amma tana ɗauke famfas da kuɗin mota zuwa gashi.

Kada idonku ya tsaya kan kuɗin. Da wannan fayil ɗin ake neman kayan taimako irin su keke da gado, da gurbi a cibiyar kulawa ta rana, da katin tashilat wanda ke ba da damar ajiye mota a wurin masu naƙasa da rangwamen kuɗin tafiya, da yafe kuɗin bizar ɗauko mai aiki ko direba ko mai jinya. Akwai kuma ƙungiyar yara masu naƙasa da aka kafa a Riyad tun 1982, tana da cibiya a Jidda da Makka da Madina, ki tambayi jami'ar walwala yadda ake shiga. Daman ijtima'i kuwa, wato tallafin gwamnati ga gidaje marasa ƙarfi, wani abu ne daban, shi kuɗin shigar gidan gaba ɗaya yake dubawa, kada ku haɗa su.

Idan aka ƙi buƙatar ko aka sa shi a matakin da bai dace da halinsa ba, kada ku yi fushi ku watsar. Ku karanta dalilin da aka rubuta. Sau da yawa takarda ce ta tsufa ko hoto bai fito ba ko rahoton ya yi gajarta. A gyara, a shigar da ƙorafi ta shafin, a kira 19911 da lambar buƙatar a hannu. Sakamakon aunawar ma yana da wa'adi, ki rubuta ranar ƙarewarsa, ki fara neman sabon rahoto tun da sauran watanni, don kada biyan ya tsaya kuna jiran ranar likita.

Kuɗin idan ya fara shigowa na yaron ne. Ku yi wannan magana da maigida tun kafin riyal na farko ya faɗo: wa zai riƙe katin, me za a riƙa saya, nawa za a ajiye don keken gaba tunda yaro yana girma. Na fi son ki rubuta abin da aka kashe a bayan littafin nan naki. Wannan zai kwantar masa da hankali cewa ba cefanen gidansa ake yi da shi ba, kuma zai rufe bakin dangi.

Hajiya kuwa, kada ki yi jayayya da ita a kan iska. Tsohuwa ce da ke son jikanta ta hanyar da ta sani, kuma tana tsoron bakin mutane, wataƙila har tana tunanin auren 'yan matan gidan nan gaba. Ki bar ta ta ci gaba da tofi da addu'a, ki ma roƙe ta ta ƙara, ki ce mata Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce bayin Allah su nemi magani, kuma ke za ki haɗa biyun. Abu ɗaya ne ba za ki sassauta ba: ba a dakatar da maganin farfaɗiya don wani jiƙo ko turare, ko na kwana ɗaya, domin yanke shi farat ɗaya yana iya tayar da ita da ƙarfin da ya fi na da. Maganar rufin asiri kuma, ki tuna mata a hankali cewa Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, a kansa aka saukar da farkon suratu Abasa, shi yake kiran salla, kuma Annabi yakan bar masa riƙon Madina idan zai fita. Ba a ɓoye shi a ɗaki ba.

Na san cikin masu karanta wannan akwai iyaye da yawa da su da 'ya'yansu duka iƙama gare su. Tallafin kuɗin nan na 'yan ƙasa ne, duk wanda ya ce zai samo muku shi da kuɗi ɓarawo ne. Amma ku ma ku nemi rahoton likita mai kyau ku ajiye, domin da shi ake ƙwanƙwasa ƙofar ƙungiyoyin agaji masu rajista, kuma ku kira ma'aikatar ku tambayi abin da mai iƙama ke iya samu. Wanda kuma ya naƙasa a bakin aiki, ya sani inshorar haɗarin aiki ta Ta'aminat, wato hukumar inshorar ma'aikata, ta haɗa da ma'aikacin da ba ɗan ƙasa ba, ya binciki ko mai aikinsa ya yi masa rajista ya kuma kai rahoton haɗarin.

Saura bayanki, 'yata, wanda kika ambata a tsakiyar wasiƙa kika wuce kamar ba komai ba. Ranar da kika kai yaron asibitin unguwa, ki kama wa kanki rana ke ma, a duba ki. Ki roƙi mai yi masa gashi ta nuna miki yadda ake ɗaga yaro mai nauyi daga ƙasa da daga gado ba tare da an sunkuya da ƙugu ba. Hawan benen nan kuma ku raba shi: fitar da ba ta gaggawa ba a jira lokacin da maigida yake gida ya ɗauko shi da kansa. Kafin wa'adin hayar nan ya cika, ku fara cigiyar gida a ƙasa ko mai lif, ko da ɗakunansa ba su kai na yanzu ba, kuma ki sa wannan cikin maganar da za ki yi da shi tun zaman farko.

Gwaggonki